Layin Bokiti a Unguwar Shanu

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, ni da maigidan. Shi wata ma'aikata zai je a Kaduna kan sha'anin makarantarsu, ni kuwa Inna ce ta aike ni. Autarmu tana da cikin fari, ya tsufa, kuma tun da aka kai ta Kaduna ban taɓa ganin ɗakinta ba. Inna ta ji an ce gidan haya ne, ɗaki guda, ga ƙabilu iri-iri, ga ƙarancin ruwa. Hankalinta bai kwanta ba. Ta ce in je in duba da idona, in wurin ba na mai jego ba ne, in sa yarinyar a gaba mu taho gida ta haihu a gabanta, kamar yadda muka yi dukanmu.

Ƙaramar bas muka samu a tasha. An ce ta cika, amma sai da aka ƙara mutum biyu da buhun barkono, muka yi ta atishawa har Jaji. Kwandastan yana faɗin kuɗin mota da kobo, wani dattijo a bayana yana mayar masa da shi sule, kowa na ganin ɗan'uwansa ne bai iya lissafi ba. Bazara ce, tun hantsi bai yi ba rigata ta jiƙe. A Katabu direba ya tsaya zuba wa mota ruwa, mata suka yanyame mu da farantan mangwaro. Na sayi na Auta, don tun tana ƙarama ba ta ganin mangwaro ta ɗauke kai. Abin da ya ja hankalina a wurin shi ne itace. Ɗauri-ɗauri a bakin titi, motoci na tsayawa suna lodi. Matar da ke kusa da ni ta ce duk cikin Kaduna za a kai, can har itacen hura wuta saye ake yi.

Daga Kawo na fara ganin abin da ake faɗa. Kekuna kamar an buɗe musu ƙofa, ga sababbin babura da suka cika gari tun ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata. Wani ya wuce mu da matarsa a baya, da goyo, da buhun garin rogo a kan tanki. Na yi masa addu'ar sauka lafiya ba tare da ya sani ba. Muka shiga kiya-kiya, motar hayar cikin gari, wadda ba ta da wurin tsayawa sai inda fasinja ya buga jikinta, ta sauke mu a bakin Unguwar Shanu, dab da Abakpa.

Nan muka sha yawo. A Zariya in ka ambaci sunan mutum da na mahaifinsa, ko makaho ya kai ka ƙofar gidan. Maigidan ya yi ta faɗin sunan mijin Auta da na kakansa, mutane suna girgiza kai. Sai wani mai gyaran keke ya tambaye mu aikin me yake yi, kuma mutumin ina ne. Da muka ce masinja ne a ofis, Bazazzagi, sai ya yi dariya ya ce ai da mun faɗi haka tun farko, gidan da ke bayan injin niƙa ne. Ashe a nan ba a san mutum da gidansu ba, da aikinsa da garinsu ake saninsa.

Gidan dogo ne, ɗakuna jere biyu suna kallon juna, rufin kwano, tsakar gidan ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. Kowace ƙofa da murhunta ko risho, da igiyar shanya a sama har sai ka sunkuya. Banɗaki ɗaya, wurin wanka ɗaya, famfo ɗaya a kusurwa, a bushe. Na ji Nufanci, na ji Yarbanci, na ji wani yare da aka ce mini na mutanen Kagoro ne, amma in za a yi wa yaro faɗa kowa da Hausa take yi.

Auta ta rungume ni tana kuka tana dariya. Ɗakin nata gado ne da ƴar kabad ta kwanuka, sai keken mijin da ake shigo da shi in dare ya yi. In ka miƙa hannu biyu ka kusa taɓa bango da bango. Na tuna wankan jego, ruwan zafi safe da yamma har arba'in, na dubi busasshen famfon nan, na ce a raina gobe tare za mu koma. Ita ma ta gane. Da muka keɓe ta ce, “Yaya, don Allah kar ki ce wa Inna komai tukuna. Ina zuwa awo a nan, sun san ni, kuma ba na son in bar shi shi kaɗai.” Na ciro mangwaron da na sayo na miƙa mata.

Maigidan ya kwana wurin wani abokinsa a Unguwar Rimi, mijin Auta ya koma ɗakin wasu gwauraye na gidan, ni na kwana da ita. Da asuba na fito alwala da ɗan ruwan da ta adana a tulu. Sai na ga bokitai da garewani da tukwane an zubar da su a tsakar gida, daga bakin famfo har ƙofar fita, wani a karkace, wani da dutse a ciki. Na ce a raina matan birni ba su iya killace kaya ba, ga mai ciki za ta fito ta yi tuntuɓe. Bayan na idar da salla na tattara su duka, na zubar da duwatsun, na jera su a gindin bango, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Har na share wurin. Na koma ɗaki ina jin na yi aikin lada.

Ba a jima ba famfo ya yi tari, ƙofofi suka buɗe a tare, sai kuma gidan ya kaure. Auta ta leƙa, ta dawo ta dafe baki. Ashe layi ne. Ruwan ba ya zuwa sai da sassafe, kuma ba ya daɗewa, don haka tun dare kowace mace take ajiye bokitinta a inda ta samu, bokitin ne ke tsaya mata. Dutsen kuma alama ce ta cewa mai shi tana da wani bokitin a ɗaki. Ni na rushe musu duka.

Na fito na ce ni ce, ina ba da haƙuri. Wata Bayarabiya mai ɗinki, wadda kowa ke kira Iya, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Hajiyar Zariya, kin zo jiya, yau kin zama sarkin tsafta?” Aka fashe da dariya, har da wadda ta fi kowa masifa. Suka shiga gardamar wa ke gaban wa, ruwa na zuba a ƙasa. Ana cikin haka, wata ƴar Kagoro, matar wani mai gadi, ta zaro bokitin Auta daga cikin tarin ta kafa a bakin famfo. Babu wadda ta hana ta, suka ci gaba da gardamarsu a kan sauran.

Na tambayi Iya dalili. Ta ce ai tun da cikin ya fito ba a barinta ta bi layi, kuma ba ita ke ɗauka ba. Na ce to ranar da ta haihu fa, mu wankanmu ruwa yake ci. Ta ja ni bayan ɗakuna ta nuna mini rabin duro, baƙi ƙirin da hayaƙi, a kife kan duwatsun murhu. Ta ce duk wadda ta haihu a gidan, kowane ɗaki bokiti guda yake zubawa a ciki kafin ya ɗebi nasa, har ta gama. Su ba haka suke wanka a garinsu ba, in ji ta, amma sun ga matan Hausawa na yi, kuma ita ma da ta haihu an zuba mata. Itace kuwa maza ke haɗawa. “Abin da ba mu iya ba,” ta ce, “shi ne kunun nan naku na kanwa. Na taɓa gwadawa, mai jegon ta ce in ji tsoron Allah.”

Da hantsi maigidan ya zo. Ya yi ta ba ni labarin gidajen Unguwar Rimi masu katanga da mota, da famfo har cikin kicin. Na ji, amma hankalina na kan duron nan. Auta ta rako mu bakin titi tana kallon bakina. Na ce ta koma ta huta, zan faɗa wa Inna abin da na gani, ba ƙari ba ragi.

Mun iso Zariya bayan la'asar. Na faɗa wa Inna komai: ƙanƙantar ɗakin, banɗakin taro, famfon da ba ya kai hantsi, da ɓarnar da na yi, da matan. Na ce tafiyar nan ta nuna mini cewa na iya ganin ƙuncin gida tun daga ƙofa, amma sai da na kwana na ga waɗanda ke cikinsa. Inna tana ji tana jan carbi. Can ta tambaye ni ko tsakanin gadon da bango zai ɗauki tabarma guda. Na ce zai ɗauka, in an fitar da keken.

“To a fitar da shi,” in ji Inna. “Ta zauna ɗakinta. Ni zan je in dama kunun.”