Malama Mahfuza da ranar awo

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malama Mahfuza ta share barandar asibiti, ta dafa almakashi, ta rataye sikelin jarirai a reshen bishiyar bedi. Sannan ta shimfiɗa tabarmi ta zauna jiran mata. Haka ta yi shekara talatin da biyar, daga Batsari zuwa Tsaskiya, har ƙaramin asibitin wani ƙauye a gefen Runka, cikin ƙaramar hukumar Safana, inda take ajiye aiki a watan nan.

Ungozoma ce, yaran da hannunta ya karɓa ba su ƙirguwa. Amma ba don wannan kaɗai muke jinjina mata ba.

Shekara huɗu da suka wuce aka kawo mata Jannat, matar wani makiyayi, da ciki wata takwas, tana jijjiga. Kafin a samu mota rai ya yi halinsa. Mahfuza ta duba katinta, awo ɗaya ta taɓa yi. Da ta zazzage sauran katunan, sai ta ga matan rugage da ƙauyukan nesa kusan duk haka suke.

A taron ma'aikata wani babba ya ce, "Jahilci ne. A nemo lasifika a wayar musu da kai."

"Yallaɓai, wa ya tambaye su?" in ji Mahfuza.

Ranar sadakar bakwai ta Jannat, Mahfuza ta hau babur ta je gaisuwa. Bayan addu'a ta matsa kusa da Kande, mahaifiyar marigayiya.

"Inna, ban zo ɗora wa kowa laifi ba. Me ya hana ta komowa awo?"

"Ɗiyata, wace rana kuke awon?"

"Talata."

"To wa ke bin hanyar nan ran Talata? Tun da daji ya ɓaci, sai ranar kasuwa ake fita, a ayari, 'yan sintiri na gaba. Sau biyu ta bi ayari ta je wurinku da ƙafa a kumbure, aka ce ta komo Talata."

Mahfuza ce da hannunta ta rubuta allon ranakun awo da ke ƙofar asibitin. Ba ta ɓoye wannan ba. Da bakinta ta faɗa a gaban shugabanninta, ta nemi a mayar da awo ranar kasuwa, ta yi ta sintiri ofis har aka yarda.

Mata suka fara zuwa, sai dai rabinsu kan tashi ba a auna su ba. Ta bi su har tasha, ta tare Sahabi, direban a-kori-kura.

"Malama, azahar na yi nake juyawa," in ji shi. "Ba na bari la'asar ta same ni a hanya da matan mutane."

Daga wannan makon, matan nesa ake fara dubawa. Matan gari suka yi fushi, ta bi su gida-gida tana ba su haƙuri. A irin wannan awon na sassafe ta kama hawan jinin Nusaiba, mai cikin fari, ta raka ta Katsina da kanta. Yau 'yar Nusaiba tana gudu a tsakar gida.

Malama, ke ce mai kunnen sauraro. Ke ce da aka ce laifin mata ne, kika je kika zauna a tabarmarsu, kika samo laifin a bakin ƙofarki, kika ɗauke shi. Ba ki hana mutuwa zuwa ba, kin sha rakiyar gawa bayan haka. Amma akwai uwaye da ke daka a ƙauyukan Safana yau saboda ba ki gaji da tambaya ba.

Mun gode. Allah ya sa ki huta lafiya, ya jiƙan Jannat. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, duk ranar da kuka ga tabarma ba kowa, kada ku yanke wa matan hukunci daga zaune. Ku tashi ku je ku tambaye su.