Giya ta Huɗu a Hanyar Inkil

Ku ara mini kunnuwanku, 'ya'yana da jikokina, na kusa da na nesa, in na gama sai ku karɓi abinku. Ni ban shiga aji ba, faɗa nake ana rubutawa. In kun ga magana ta karkace, daga bakina ta fito a haka.

Shekarun baya, muna zaune a Ƙofar Dumi, maigidana, Allah ya jiƙan rai, yana da wata 'yar mota ja. Irin masu guntun bayan nan ce, da ake ɗaga ƙofar baya sama kamar murfin adaka. Da tsufanta ta zo hannunmu. Alluran da ke gaban direba duk sun kwanta, babu mai motsi sai ta mai, ita ma sai an buga. Malam ya yi tuƙi a aikin gwamnati tun yana saurayi, da ya ajiye aiki sai ya saye ta don zuwa gonarsa ta Inkil. Lungunmu ba ya shigar mota, a bakin titi take kwana, gaban shagon wani maɗinki.

Ni ce abokiyar tafiyarsa. In ce muku ina taya shi noma, na yi ƙarya. Abinci nake kai wa, in tsinko kuɓewa da yakuwa, in zauna a inuwa ina ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ni. A hanya kuwa Malam ba shi da hira sai ta mota.

Yakan ce, "Saurara ki ji. In tafiyar lafiya ake, a sa mata giya da wuri, ta sha mai kaɗan. Amma in ana so ta ja, sai a bar ta inda take, a ba ta wuta. Za ta fara da gurnani, sai muryar ta miƙe, sai ta soma yin siriri. To daidai nan ake canjawa, kafin ta koma ihu. In kika canja da wuri, ta faɗa giya ta gaba ba numfashi, kamar wanda aka aza wa buhu bai gama miƙewa ba. In kika bari ta wuce, hayaniya ce kawai, ƙarfin ya ƙare."

Nakan ce, "Malam, ni da ko keke ban taɓa hawa ba, me zan yi da wannan karatu?"

Sai ya ce, "Ajiye shi dai. Ba ya ruɓewa."

Haka aka yi ta tafiya, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Sai kunnen Malam ya fara yin nauyi. Da farko rediyo ce ake ƙara wa murya. Daga baya ya zama sai ya ga mutane sun nufi masallaci yake sanin an kira salla, alhali ladanin maƙwabcinmu ne. A mota abin ya fi ba ni tausayi. Mutumin da ba a taɓa jin motarsa ta yi kukan banza ba, sai ga shi ya bar ta a giya ta biyu tana tsala ihu, masu babur suna waiwayenmu, shi bai sani ba.

Wata rana muna tafe, na ji muryarta ta yi siririn nan. Ban san lokacin da hannuna ya kai kan gwiwarsa ba. Ya dube ni, ya dubi hanya, ya taka kuloci ya canja. Muka ci gaba da tafiya. Da ta sake kaiwa na sake taɓawa. Tun daga ranar na zama kunnensa, shi kuma ya raɗa mini suna Kwandasta. Damina uku muka yi a haka, babu wanda ya san sirrinmu.

Amma gari ba ya rasa masu ido. Wani ya kai wa ɗanmu na fari labari cewa tsoho ba ya jin hon, kuma yana hawa hanyar Gombe da manyan motoci. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, yaron nan ya zo ya durƙusa a zaure, ya ɗaga murya yadda uban zai ji.

"Baba, don Allah a ba ni makullin nan. Duk Asabar ni zan riƙa kai ku gona."

Malam ya ce, "Ita gonar ta gaya maka ranar Asabar kaɗai take son ganin mai ita?"

"Baba, rai ake ji wa."

"To ji nan. Gobe ka zo mu je tare, ka zauna kusa da ni. In ka ga kuskure ɗaya a hannuna, ɗaya tak, makulli naka ne."

Ina bayan labule ina ji. Na san makullin nan ba ƙarfe ba ne kawai a wurin Malam. In ya fita daga aljihunsa, ya zama tsohon da ke zaman zaure yana jiran a zo a ɗauke shi. Ga shi kuma yaron nan ɗan fari ne. Ni da ko sunansa ba na faɗa, ko doguwar magana ba ma yi, yaya zan miƙa hannu in taɓa gwiwar ubansa a gabansa? Kuma ma kujerar gaba ta yaron ce gobe.

Da safe aka loda buhun taki biyu a baya. Na shiga na zauna daidai bayan direba. Kujerar ta tsufa, soson ya cinye, in ka jingina gwiwa mai zama zai ji. Na sunkuya kamar ina gyara mayafi, na kai baki wajen kunnensa na dama, mai ɗan sauran ji, na ce, "Ina bayanka." Ya gyaɗa kai.

Muka tashi. Giya ta ɗaya, na danna gwiwa, ta biyu. Na saurara, na danna, ta uku. Mota na tafiya sumul kamar ta san abin da ake ciki. Muka fita daga cunkoson gari, muka hau hanya. Har yaron nan ya yi murmushi ya ce, "Ashe hannun yana nan, Baba." Malam bai ji ba, amma ya ga murmushin, na hango ƙeyarsa ta miƙe.

Can gaba, kafin a kai mararrabar gonarmu, sai muka cim ma wata tifa ta ɗauko yashi, tana rarrafe tana yi mana feshin hayaƙi. Da mu biyu ne, Malam zai bi ta a hankali har mu rabu. Amma ranar ɗansa na kallo. Ya leƙa, hanya fili, sai wata bas can nesa kamar ƙwayar gero. Ya dawo giya ta uku, ya taka totur, ya fito.

Da muka jera da tifar nan, rurinta ya cika mini kai. Na nemi muryar motarmu na rasa. Na karkata kunne, babu. Na ɗaga ido, bas ɗin da ke kamar ƙwayar gero ta zama kamar ɗaki. Zuciyata ta ce ai a giya ta huɗu aka fi gudu. Duk karatun da na sha a hanyar nan ya gudu ya bar ni. Na danna gwiwa.

Malam bai yi ko shakka ba. Damina uku ban taɓa ba shi ba daidai ba. Ya sa ta huɗu.

Nan take motar ta yi sanyi, kamar an kama ta ta baya. Ga taki, ga mutum uku, ga ɗan hawa. Ba ma gaba, ba ma baya, muna kafaɗa da kafaɗa da tayar tifa. Bas tana ta ƙyafta mana fitila. Yaron nan yana, "Baba! Baba! Innalillahi!" Malam ya taka birki, ya lanƙwasa sitiyari, ya kwantar da mu a bayan tifa. Bas ta wuce da dogon hon, iskarta ta girgiza mu. Ko ƙwarzane babu wanda ya yi, alhamdulillahi.

Ya gangara gindin wata bishiyar dogon yaro ya kashe mota. Sai yaron nan ya juya ya ce, "Baba, ai ba ta kai ba ka sa ta huɗu. Kai fa ka koya mini wannan."

Malam ya ɗaga ido ya dube ni ta madubi, sau ɗaya. Maganar tana bakina: ni ce. Amma in na faɗa, sai na faɗi yadda aka yi na zama ni ce, a gaban ɗan fari. Na sunkuyar da kai ina kallon lallen ƙafata.

Malam ya zare makulli ya miƙa masa. Ya ce, "Gaskiyarka. Na yi gaggawa." Ya fita, ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, ya jira ɗansa ya tashi, ya zauna a ɗaya kujerar.

Bayan la'asar na kai masa tuwo, na durƙusa kusa da kunnen daman, na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya wanke hannu a natse. Ya ce, "Kwandasta, me kika ji da kika danna?"

"Ban ji komai ba. Tifar ce ta cinye ta."

Sai ya yi dariya har da tari. "To kin ɗanɗana. Ke na ƙiftawar ido kika yi kika rikice, ni a ciki nake kwana nake tashi. Zuba mini miya. Ni ya kamata in haƙura a bayan tifar, ganin yaro ne ya ɗebe ni."

Bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Ban ce yaron nan ya yi laifi ba. Ko ranar ba ta zo a haka ba, da ta zo a wata kamar, wataƙila mai muni. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutum ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a kan sitiyari ba a taɓa cewa ya sa giya ba daidai ba, sai ta ƙarshe, ita ma ba tasa ba ce, ya ɗauka ya sa a aljihu don kada a ga fuskata. Kuma ina kewar hanyar nan. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa samun Malam ni kaɗai ba, babu baƙo babu 'ya'ya, kamar a cikin 'yar motar nan tsakanin Ƙofar Dumi da Inkil.

Motar dai an sayar wa wani malamin makaranta daga wajen Tafawa Ɓalewa, ban ƙara jin labarinta ba. Malam ya yi damina biyu ana kai shi gona ranar Asabar, ɗansa bai taɓa saɓa alkawari ba. A ta uku, masara na fitar da gemu, Allah ya karɓi abinsa.

Yaron nan yanzu ya yi furfura, har da jikoki. Bara ne na daure na faɗa masa, ina kallon bango. Sannan ya ce, "Inna, ai na gani. Tun daga bakin shagon maɗinki kujerar Baba ke motsi. Na kasa juyowa ne in ce ke ce." Kun ji mu. Mutum uku a mota, kowa ya sani, kowa na rufa wa wani.

Yakan kai ni Inkil in an yi shuka. Motarsa ta zamani ce, da kanta take canja giyarta, ba ta ko gurnani. Ni kuma ga ni a kujerar baya, kunne ras, ba mai bukatarsa.