Tumbin Yaya da Kujerar Makka

Shekarar da albasa ta yi daraja, yayana ya biya kujerar Makka biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta mahaifiyarmu. Ina zaune a gefen tabarma ranar da ya je gidanta a Mungadi ya faɗa mata. Ya gyara zama ya ce, "Inna, ba mai riƙe ki wurin ɗawafi sai ni. Da ƙafata zan zagaya da ke, hannunki cikin nawa." Inna ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce Allah shi nuna muna, ta ci gaba da tsintar wake. Shi ne ɗanta na fari, ita kuma irin matan da ce, ba ta kama sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, in zancensa ya kama sai ta ce "mutumin naku". Amma da ya fita na lura tana watsar da waken a ƙasa tana mayar da tsakuwa cikin ƙwarya, ba ta ma sani ba.

Alkawari ya yi daɗin ji. Matsalar ita ce ƙafar da aka yi alkawarin da ita. Yaya dillalin albasa ne, kullum daga Jega zuwa Aliero a mota, daga mota zuwa benci a ƙarƙashin rumfa. Manomi ya sayar, a kira mai balangu. Baƙo ya yi lodi, a kira mai fura. A haka tumbi ya yi gaba, wuya ya ɓace, gwiwoyi suka fara ƙara in zai tashi daga sujada. Ya kai su wurin masu ɗorin Aliero, suka lallatsa, suka ce babu karaya babu targaɗe, kaya ne ya yi musu yawa. A asibiti ma likita ta ce masa haka, ta ƙara da cewa in bai sauke nauyi ba, tafiyar aikin Hajji ba za ta yi masa da sauƙi ba. Ta ce ya rage tuwo, ya bar lemon kwalba, ya riƙa ɗan takawa bayan asuba, akwai watanni a gaba.

Wannan shawara ba ta burge Yaya ba. Ta yi masa kama da maganar da kowace tsohuwa za ta faɗa a bakin rijiya. Shi mutum ne mai son abu mai dabara a ciki, abin da zai zauna a majalisa ya yi wa mutane bayani suna gyaɗa kai. Sai kuwa ya samu. Wani mai farar riga a cikin waya, mai magana da sauri yana nuna zane-zane, ya koya masa wai sabon tsari. Abinci yana da wani awo da ake ce wa kalori. To ba kullum za ka rage shi ba. Yau ka ci kaɗan ƙwarai, gobe ka ci ka ƙoshi, jibi ka sake tsukewa. Wai in kana ragewa kullum jiki yana ganewa ya riƙe kitsensa, amma in kana hawa kana sauka sai ya rikice ya saki.

Na ce, "Yaya, jikin naka baƙo ne a garin da za a ɓatar da shi a hanya?"

Ya ce, "Ke mi kinka sani? Wanga ilimi ne na zamani."

To, ilimin zamani ya shigo gida. Gaskiya makon farko ya yi da gaske, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ranar kaɗan sai ɗan kwaɗon zogale da ruwa, ya wuni fuska a murtuke. Matarsa ce ta sha wuyar abin, baiwar Allah, don ranar ko sallama aka yi da ƙarfi laifi ce. A Aliero ma manoma suka gane, kafin su sauke buhu sai su tambayi na kusa ko yau ta yawa ce ko ta kaɗan. Washegarin ranar kaɗan da sassafe, ciki wayam, zai biya kemis ya hau sikeli, ya ga allura ta ɗan ja baya, ya kira ni a waya yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ban taɓa jin ya hau sikelin nan washegarin ranar yawa ba.

Gidana da nasa ba nisa, a unguwar Jega Firchin. Wata Litinin, wadda na san ta kaɗan ce don tun safe matarsa ta kawo mini ƙara, na shiga gidan ana idar da sallar magariba. Me zan gani? Yaya a kan darduma, an jere masa tuwon shinkafa malmala kan malmala, miyar kifi har da kai, ga waina a gefe, ga kwanon fura yana jiran layi. Ya naɗe hannun riga.

Na ce, "Ikon Allah! Ba yau ce ranar kaɗan ba?"

Ya dube ni da tausayi, irin duban da ake yi wa wanda bai je makaranta ba. Ya ce, "Litinin ta wuce. Yanzu daren mi muke ciki?"

Na ce daren Talata.

"To, Talata ranar mi ce?"

Kun ji fa. Kowa a garin nan ya san rana tana faɗuwa an shiga wata. Daren Juma'a tun magaribar Alhamis yake kamawa, da haka muke sa ranar biki, da haka muke ganin wata. Wannan lissafi na iyaye da kakanni shi Yaya ya ɗauko ya ɗaura wa tsarin mai farar riga, ya ce ai shi Musulmi ne, ba zai bi ƙirgen Nasara ba. Na ce to madalla, ke nan gobe da magariba ranar yawa ta ƙare, an shiga ta kaɗan, tuwon dare ya haramta. Sai ya tsaya da loma a hannu. Ya ce a'a, wannan kuma mutumin ya yi bayani, ranar yawa ba a katse ta, sai an kwanta barci take ƙarewa.

Na zauna a bakin ƙofa na yi dariya har da hawaye, shi kuwa ko a jikinsa. Ranar kaɗan tana bin lissafin malamai, ranar yawa tana bin lissafin waya, kuma duk biyun sun haɗu sun yarda cewa babu daren da Yaya zai kwana bai cika ciki ba. Abin da ya hana kansa da rana, da magariba yake karɓo shi har da riba, don mai wunin yunwa ba ya cin abinci da hankali.

Daga nan fatawoyi suka yi ta fitowa. Fura ba abinci ba ce, abin sha ce, ba ta shiga awo. Abincin suna da na ɗaurin aure ba a ƙin sa, amsa gayyata haƙƙi ne, kuma bayan an kwashe albasa kowace unguwa biki ake yi daga Jandutsi har Maiyama. In baƙo ya sayi nama a rumfa, ƙin sa hannu wulaƙanci ne, ciniki zai lalace. Kullum da hujjarsa, kuma wallahi in yana jero su sai ka rantse a littafi ya karanto. Abin da ya fi ƙona mini rai, har almajirai ya yi a majalisa. Manyan mutane masu iyali suna tambayarsa yadda ake rikita jiki, yana shafa tumbi yana ba da amsa.

Da na kai Inna awon lafiyar maniyyata, na tambayi likitar nan ko tsarin yana da gaskiya. Ta yi murmushi ta ce babu sihiri a ciki. In abin da mutum ya ci a mako gaba ɗaya ya ragu, zai ragu, ko ya raba shi hawa da sauka ko ya rage kullum daidai, duk ɗaya ne. Wani yana jin sauƙin haka don yana da ranar da zai sake, shi ke nan amfaninsa. Amma zancen jiki ya rikice, ta ce ita ba ta san wannan ba. Na kwashe maganar na kai wa Yaya da zafinta. Ya ce likitocin gida ba su bincike.

Na koma wa Inna. Na ce ita kaɗai ce za ta faɗa ya ji, ta yi masa magana tun lokaci bai ƙure ba. Ta ce, "Ni in buɗe baki in hana mishi ci? Ina aka taɓa yi?" Na yi fushi ƙwarai ranar, na ce kunyar nan ta ɗan fari za ta sa a tura shi a keke wurin ɗawafi tana kallo. Ta ce in tashi in ba ta wuri. Daga baya maƙwabtanta a Mungadi suka ba ni labari, wai tun daga makon nan kullum in ta yi asuba sai ta ɗauki sandarta ta taka har bayan gonaki ta dawo, ba ta ce wa kowa ga dalili ba.

Azumi ya zo, na ce ko Allah zai sa a dace. Ina! Wata guda cur kowace rana ta kaɗan ce, kowane dare na yawa. Rigar da aka ɗinka masa ta sallah sai da tela ya buɗe ta a gefe.

Bayan sallah aka kira maniyyata bita. Inna ta zo Jega ta sauka a wurina, na raka su. A fili aka yi, an kafa ɗan ɗaki na katako an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle, a matsayin Ka'aba, don mutane su koyi ɗawafi tun a gida. Malamin bita ya ce za a yi zagaye bakwai cikakku, babu tsayawa, don kowa ya san abin da ke gabansa. Rana ta fara zafi. Yaya ya zo cikin farin yadi yana gaisawa da jama'a, ya miƙa wa Inna hannu a gaban kowa. Ta dubi ƙasa, sannan ta kama. Tun da nake ban taɓa ganin hannunta cikin nasa ba. Ina daga gefe cikin 'yan rakiya ina kallo.

Suka shiga cikin jama'a. Zagayen farko lafiya lau, har yana ɗaga murya wurin addu'a. A na biyu muryar ta ragu. Kafin a yi rabi na ga yana jan ƙafar dama, gumi ya jiƙa bayan rigar, Inna tana rage sauri saboda shi, tsohuwar da ta haife shi. Sai gwiwar ta ƙi. Bai faɗi ba, durƙushewa ya yi a hankali, ya dafa ƙasa da hannu biyu, mutane suna kauce masa. Maza biyu suka kama shi suka kai shi inuwa, aka miƙa masa ruwa. Wani daga cikin 'yan majalisarsa, ban san ko tausayi ba ne ko shaƙiyanci, ya tambaye shi ko yau ta kaɗan ce.

Inna ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar fili, hannun nan a sake. Malamin ya ce Hajiya a ci gaba, ba a tsayawa. Wata mata da ba mu sani ba ta kama ta, suka ƙarasa tare. Ba ta yi haki ba, ba ta nemi zama ba, kuma duk zagayen da za ta wuce ta gaban inuwar nan ba ta juya ta dube shi ba.

Muka kama hanyar gida. Ni da na yi watanni ina tanadin abin da zan faɗa masa ranar da asirin tsarin nan zai tonu, sai ga shi ya tonu ban ji daɗin komai ba. Haushi nake ji, na mai farar riga, na 'yan majalisa, na Yaya da wayonsa da bai cuci kowa ba sai shi da tsohuwar nan. Jirgi saura 'yan makonni, babu tsarin da zai sauke wannan kaya kafin lokacin.

Da la'asar Inna tana zaune a tsakar gidana tana shafa man zafi a ƙafa, ta kira ni. Ta ce, "Ki gaya ma mutumin naku shi nemi mai tura shi can, kar shi ji kunya. Ni na gwada ƙafata, ta isa."

Na ce to, Inna.

Ta rufe kwalbar man, ta daɗe tana juya ta a hannu. Sannan ta kama sunansa, sunan yanka, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Ni ba don zan kasa ba ne. Hannu nai nika so in riƙa."