Ɗinki Ukun da Na Warware

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba Modu, ƙanen mahaifina, baduku a unguwar Hausari ta Maiduguri. A shagonsa na koyi riƙe basilla. Jama'a suna tuna shi da lifidin dawaki da yake ɗinkawa. Ni kuwa da laifina nake tuna shi.

Baba yana da al'ada. Duk abin da ya gama, sai ya yi masa ɗinki uku da jan zare ta ciki, don ko bayan ransa a san aikin Maiduguri ne.

Wata rana wani dillalin kayan tarihi ya kawo hoton sulken doki irin na mutanen Tibet da Mongoliya: abin rufe fuskar doki na fata mai kauri, an jera masa ƙananan ƙarafa, an zana furanni da ruwan zinariya. Ya ce ado zai yi da shi a falo. Baba ya daɗe yana kallon hoton, ya yaba wa hannun da ya yi shi, ya karɓi aikin.

Da aka gama, dillalin ya ce a turara shi da hayaƙi, a kuma cire jan zaren.

Baba ya ce, "Alhaji, falon naka ne yake son hayaƙi? Wa za ka gaya wa cewa tsohon kaya ne?"

Baba ya ƙi. Na ɗauka tsufa ne ya sa Baba zargin kowa. Da ya tafi sallar la'asar, dillalin ya dawo ya lallashe ni, na sa reza na warware ɗinkin, na miƙa masa sulken. Ba yarinta ba ce, ina da iyali a lokacin. Baba bai taɓa tambayata ba. Amma tun daga ranar bai ƙara barin in miƙa wa kowa kaya ba, sai ya juya ya duba cikin.

Bara na ga hoton wani sulke a waya, an ce daga Tibet ya fito, ya yi ɗaruruwan shekaru. Furannin kamar na Baba. Ban tabbata ba, don ba su nuna cikinsa ba. Da Baba yana raye, da cewa zai yi a juya masa. Ni ma yanzu na daina yarda da gaban kaya.

Zaren kawai na iya cirewa. Hudar basillarsa guda shida tana nan a fatar, hayaƙi ba ya toshe ta. Allah ya jiƙan Baba, ni kuma ya yafe mini. Duk wanda sulken nan yake hannunsa, don Allah ya juya shi ya duba.