Haruffan Malam Makau

Shamsiyya 'yar Gummi ce, ɗiyar wani malamin allo da ya bar ta ta yi boko har ta karanto ilimin kwamfuta a Sakkwato. Da ta dawo, wani ƙaramin asibiti a Anka ya ɗauke ta aiki. Asibitin yana auna jinin yaran Bagega da kewaye saboda gubar dalma, sakamakon kuwa a manyan littattafai ake rubuta shi. Wata huɗu ta yi tana rubuta musu manhajar da za ta riƙe sunan kowane yaro da abin da aka gani a jininsa. Tana ji da aikin nan ƙwarai.

Mutum uku ke shigar da sunaye: Binta, Raihana, sai Malam Makau, tsohon malamin firamare da ya shekara talatin yana koyar da Hausa. Da yatsa ɗaya yake buga haruffa. A hannunsa kaɗai manhajar ke mutuwa. Yana cikin rubutu sai ta rufe kanta, aikin safiya ya salwanta, iyaye mata su yi ta jira da goyo.

Shamsiyya ba ta tsaya bincike ba. A taron ma'aikata ta ce, "Manhaja lafiyarta lau. Baba Makau ne bai iya ba, shi ke danne-danne." Aka yi dariya. Shugaban asibitin ya mayar da tsohon bakin ƙofa, yana rubuta kati da biro yana kiran layi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah shi sa haka ya fi alheri."

Mako biyu komai na tafiya daidai. Ran nan da hantsi manhajar ta mutu a hannun Binta, tana kwafar wani kati da Malam Makau ya rubuta, harafi da harafi.

Duk lokacin da manhaja ta mutu, kwamfuta kan ajiye fayil mai ɗauke da duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a daƙiƙar. Shamsiyya ta tarar da irinsa ashirin da uku, ko ɗaya ba ta taɓa buɗewa ba. Ta buɗe na farko, ya nuna mata layin rubutun manhajar inda ta faɗi: inda ake kwafar suna, layin da ita ta rubuta da hannunta. Na biyu ma nan, na uku ma nan. Sunayen duk dogaye ne masu ƙugiya, irin su Abdulƙadir Ɗanjuma Ɓaidu.

Ta so ta gani da idonta. Ta kunna manhajar, ta tsayar da ita a kan layin tana cikin aiki, ta buga sunan tana kallon inda yake sauka. Ashe harafi mai ƙugiya wurin harafi biyu yake ci, ita kuwa wurin ɗaya ta ware masa. Sunan sai ya cika ya malala kan abin da ke kusa da shi, wato lambar da ke nuna yawan dalma a jinin yaro. 'Yan matan ba sa damuwa da ƙugiya. Tsohon ne kaɗai ke rubuta sunan mutum yadda yake.

Gyaran bai ɗauke ta minti goma ba. Kwana uku kuwa ta yi tana gwada lambobi da na takardun awo, domin wani sa'in manhajar ba ta mutuwa, lambar kawai take ɓatawa. Yara huɗu abin ya shafa. Ɗaya, Isma'ila, an sallame shi da cewa lafiyarsa lau, alhali magani yake buƙata.

Ta gaya wa shugaba, ta kuma maimaita a taro, kanta a sunkuye. Sannan ta sami Malam Makau a bakin ƙofa ta durƙusa.

"Baba, laifina ne. Na ɗora maka abin da ba ka yi ba, na sa aka yi maka dariya."

"Tashi, ɗiyata, mutane na kallo," in ji shi. "Na yafe. Amma ranar nan ban iya cin tuwo ba, gara ki sani. Yaron fa, mi anka yi mishi?"

Washegari Shamsiyya ta hau bayan babur da ma'aikaciyar jinya har Bagega. Ita da bakinta ta gaya wa mahaifiyar Isma'ila cewa kuskurenta ne ya jinkirta maganin. Matar ta dube ta, ta shiga ɗaki ta goyo yaron. Aka kwantar da shi a Anka, bayan makonni lambar jininsa ta sauka.

Malam Makau ya koma kujerarsa, ya yi shekara ɗaya kafin ciwon ido ya zaunar da shi gida. Shamsiyya tana nan a asibitin har yau. An taɓa yi mata tayin aiki a Gusau, ta ce tukuna. Idan mahaifiyar Isma'ila ta kawo shi awo, suna gaisawa, sai dai har yanzu Shamsiyya ba ta iya haɗa ido da ita.