Babban yatsana da dabbab ɗin Ammu Bakur

Hayaƙi ya turnuƙe wani gareji a unguwar Al-Ranuna ta Madina, dabbab yana ta kururuwa. Babur ne mai ƙafa huɗu, na hannu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Shi na zo saya.

Abokina Dakta Sani ya ja ni gefe. "Malam Habu, injin nan cin fistin gare shi, kuma in ka sha kwana da gudu sai ya kifar da kai. Bara fa ko maɓallin riga ba ka iya sawa."

Gaskiyarsa. Shanyewar ɓarin jiki ta taɓa hannun damana, kuma da babban yatsan dama ake ba dabbab wuta.

Mai shi, Ammu Bakur, dattijon Bahaushe haifaffen Madina, ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwa, injin nan ba ya yaudara. In zai lalace, ƙararsa za ta gaya maka. Jarrib, gwada."

Na hau, na danna. Yatsan ya yi rawa, amma bai saki ba. Na zaga filin baya a hankali, na dawo da ƙwalla a idona.

Na saya. Ranar Juma'a zan shiga rairayi da hular kwano, Dakta Sani na biye a mota yana mita.

Ku da kuka taɓa tashi daga jinya, me kuka fara yi?