Bari-ta-wuce, Malamin Asibitin Sojan Ruwa

Haihuwa da tasowa

An haifi marigayin, wanda abokan aikinsa suka fi sani da laƙabin Bari-ta-wuce, a shekarar 1947, a wani ƙaramin gari mai nisa da teku, inda ruwan da ya fi kowanne faɗi shi ne kududdufin bayan kasuwa. Mahaifinsa tela ne mai rumfa a bakin tasha, mahaifiyarsa kuma unguwarzoma. A cikin 'ya'yan gidan shi kaɗai ya daure zaman rumfar har ya ƙware a ɗinkin hannu, domin tsohon ba ya barin yaro ya taka keke sai ya ga kalmasarsa ta miƙe.

Karatu da shiga soja

Ya shiga firamare a 1954, ya kammala sakandare a 1965, sannan a shekarar da ta biyo baya ya shiga rundunar sojan ruwa, alhali bai taɓa ganin teku da idonsa ba. A lokacin horon kurata aka lura da natsuwar hannunsa, aka tura shi makarantar malaman asibiti ta rundunar, inda ya koyi allura, da wankin rauni, da ɗaurin karaya, da ɗinkin fata. Da labari ya kai wa mahaifinsa, abin da ya ce kawai shi ne, "To, ai bai bar sana'a ba, yadi ya canza."

Aiki a jirgi

A 1968 aka tura shi wani jirgin sintiri wanda ba shi da likita, saboda haka duk wanda ya yi ciwo a tsakiyar ruwa, daga kyaftin har kuku, a hannunsa yake. Ɗakin maganin bai fi shagon mahaifinsa ba. Gado ɗaya ne a ciki, an kafe ƙafafunsa da ƙusa, kwalabe suna cikin kabad mai shinge don kada su zubo, fitila kuwa kullum tana lilo a sama. Watannin farko jiri da amai suka wahalar da shi, har ma'aikatan jirgin suka riƙa tambayar wa zai duba mai duba su.

A 1969, ana cikin hadari, ƙarfe ya tsaga damtsen wani ma'aikacin ɗakin inji. Marigayin ya kai allura, jirgi ya karkata, ta shiga inda bai nufa ba. A nan ya lura cewa idan igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta sauke shi, yakan ɗan tsaya cik kafin wata ta iso. Sai ya ware ƙafafunsa, ya jingina ƙugu da gadon, ya ɗaga allurar sama ya ce wa mai raunin, "Bari ta wuce." Da ta wuce ya soka, ya ɗaure, ya sake ɗagawa ya jira ta gaba. Haka ya ɗinke raunin tsaf, kuma kafin jirgin ya koma tasha kalmar ta zama sunansa.

Aure da iyali

A 1972 ya auri wata malamar firamare a garin da jirginsu yake tsayawa, kuma a shekara mai bi aka haifa musu 'yarsu ta fari. Uwargidan ta sha faɗi cewa ita ta auri mutumin da ko shayi zai zuba sai ya ware ƙafa ya riƙe butar a sama. Takan ce masa, "Malam, zuba mana, nan ƙasa ba ta motsi." Ya yi shekarun nan rabinsu a ruwa rabinsu a gida, kuma tarbiyyar 'ya'yansu galibi a wuyanta ta faɗa.

Babban asibitin rundunar

A 1981 aka ƙara masa girma, aka mayar da shi babban asibitin rundunar a matsayin shugaban ɗakin ɗinki da wankin rauni. Ginin siminti ne da ko girgiza ba ya yi, amma ɗabi'ar ba ta sake shi ba. Sabbin nas-nas sukan waiga su ga mece ce za ta wuce, tsofaffi su ƙunshe dariya. Shi bai taɓa damuwa ba, domin a wannan ɗaki yake jin shi mutum ne, kuma ko hutu aka ba shi sai ya sami dalilin leƙowa.

Rawar hannu

A 1993 hannunsa na dama ya fara rawa. Uwargidan ce ta fara ganewa, daga ƙarar cokali a jikin kofi. Shi da kansa ya kai maganar gaban babban likita, yana sane da cewa ƙa'idar asibiti ita ce a raba mai irin wannan lalura da allura, a mayar da shi sito ko a sallame shi. Tsoron wannan hukunci ya hana shi cin abinci na kwanaki.

Da kwamitin likitoci ya zauna, ya roƙi a kalli aikinsa kafin a yanke shawara, domin ya lura ita ma rawar tana zuwa ne tana lafawa, kuma ya san abin da ake yi a tsakani. Suka tsaya a kansa ya ɗinke ƙafar wani sojan ruwa, yana jira yana sokawa, ɗinkin ya fito daidai. Aka amince ya ci gaba, bisa sharaɗin a riƙa tsayar da nas a gefensa. Babban likitan ya ce, "Ranar da ka ga ta ƙi wucewa, daga bakinka nake so in ji." Ya amsa, "Ranka ya daɗe, ni zan fara faɗa."

Ajiye allura

Ya ci gaba da aiki a haka har 1998. A lokacin babbar 'yarsa ta zama nas a asibitin, kuma sau da yawa ita ake tsayarwa a gefensa. Wata safiya aka kawo wata yarinya da kwalba ta yanka a goshi. Ya wanke hannu, ya ware ƙafa, ya ɗaga allura ya faɗi kalmarsa, ya jira. Ya ƙara jira, uwar yarinyar tana kallon hannun, shi ma yana kallonsa. Daga nan ya miƙa wa 'yarsa allurar ya ce, "Karɓi, ƙarasa." Ya wuce ofishin babban likita da rigar aikin a jikinsa, ya tsaya ya sara masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau ba ta wuce ba." A ƙarshen shekarar ya yi ritaya, kuma bai ɓoye wa kowa cewa abin ya yi masa ciwo ba.

Shekarun ƙarshe

Ya zauna a gidansa da ke kusa da tashar jiragen ruwa, inda maƙwabta suka riƙa kawo masa rauni ya duba, ya faɗi abin da za a yi da baki. Uwargidan ta rasu a 2009, kuma daga nan jikinsa ya ci gaba da ja da baya.

Rasuwa

A 2014 aka kwantar da shi a asibitin da ya yi wa aiki. Wata ranar Talata da la'asar 'yarsa ta zo yi masa allura, ta tarar hannunsa yana rawa sosai. Ba ta ankara ba ta ɗaga sirinjin sama ta ce, "Bari ta wuce, Baba." Ya yi dariya ya ce, "Yi abinki, 'yar nan, wannan ba mai wucewa ba ce." Kafin faɗuwar rana Allah ya karɓi ransa. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa 'yar ta daɗe tana duban hannun kwance shiru a kan zanen gado, abin da ba a gani ba tun 1998, sannan ta ce, "Ta wuce, Baba."

Washegari da safe aka yi masa salla, aka binne shi kusa da uwargidansa, tsofaffin abokan aikinsa na jirgi suna cikin masu ɗaukar gawar. Ya bar babbar 'yarsa, wadda yanzu ita ce shugabar ɗakin ɗinkin, da mai bi mata, makanikin injin jirgi, da wata malamar makaranta kamar mahaifiyarta, da autansu wanda ya koma ga keken ɗinkin kakansa, tare da jikoki da dama. Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta.